Shekarar da Yayanku Ya Shiga Cikin Manya

Na sha jin ku kuna ba 'ya'yanku labarin hannun yayanku da ya karye a filin ƙwallo, kuma duk sanda labarin ya iso kaina sai in ji an rage murya. Wai Baba bai damu ba, wai Hajja ce ta yanke shawara ita kaɗai, ni kuwa ina can bakin titi ina fifita wuta. To, ƙafa ce ta gaza mini, kunne yana nan garau. Tun da yanzu ba ni da aikin da ya wuce zama, bari in rubuta muku yadda abin ya kasance, domin a lokacin babu ko ɗayanku a duniya in ban da Safiya, ita ma tana goye.

Muna zaune a Mahjar, wata unguwa a Jidda, cikin ɗakuna biyu da ɗan tsakar gida, ni da mahaifiyarku da tawa mahaifiyar, wadda kowa ke kira Hajja. A Sudan aka haife ni, a ƙauyen da kakanninmu suka yada zango kan hanyar hajji har zangon ya zama gida. Da na ƙetaro teku babu sana'ar da na zo da ita sai tsire, na kuwa kafa teburina a bakin lungunmu, dab da ƙofar gida. Yayanku a Jidda aka haife shi, shi ne ɗanmu na fari. Ku da kuka tashi a nan kuna ganin al'adarmu game da ɗan fari kamar ƙiyayya ce. A wurinmu mutum ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa a gaban jama'a, ba ya yabonsa, kuma in ana maganarsa sai ya yi kamar bai ji ba. Haka mahaifina ya yi da ni, ban kuma taɓa shakkar yana sona ba. Maƙwabtanmu Larabawa kuwa da sunan ɗan fari suke kiran mutum, Abu wane. Sun yi ta gwada mini haka, ni kuma ina duban garwashi, har suka gaji suka koma Ammi Isiyaku, wato Baffa Isiyaku. Har yau da nake wannan rubutu kun ga hannuna bai yarda ya sa sunan ba.

Unguwarmu tana da ƙungiyar ƙwallo, kashi biyu. Akwai ƙanana, da ake ce wa ashbal, suna wasa ba takalmi a wani fili mai gishiri-gishiri bayan gidajen. Akwai kuma shabab, samarin da gashin baki ya fara tsiro musu, su da takalmi mai haƙora suke wasa, kuma in sun kara da wata unguwa ba a rasa wanda za a riƙo zuwa gida. Yayanku bai wuce sha uku ba, siriri, sai tsawon ƙafa. Mai kula da ƙungiyar wani saurayi ne ma'aikacin tashar jirgin ruwa, Kabtin Bakur, jikan alhazanmu ne amma haifaffen Jidda, Hausarsa rabi Larabci. Wata rana bayan la'asar, daidai lokacin da mutane suka kewaye teburina, sai ga shi da yayanku a bayansa.

"Ya ammi Isiyaku," in ji shi, "walad ɗin nan halas, ya gama da ashbal. Babu mai iya tare shi. Ina so in ɗauke shi sama ya yi wasa da shabab, amma sai da izininka."

Mutane suka juyo suna kallona, wani har yana cewa masha Allah. Yabon ɗan fari ne ake yi mini a tsakiyar titi. Na juya tsinken da ke hannuna na ce:

"Kabtin, ni ina ruwana da wasan yara? Yana da kaka a gida, je ka same ta."

Duk Bahaushen da ya tashi a inda na tashi ya san ma'anar wannan magana. Ma'anarta na ji, zan duba, amma ba a nan ba. Kabtin bai tashi a can ba. Ya dube ni kamar na zage shi, ya ce tayyib, wato shi ke nan, ya juya. Yayanku ma bai tashi a can ba. Shi da ya saba ganin uban abokinsa yana ɗaga ɗa sama don ya ci ƙwallo ɗaya, sai ya ɗauki maganar a yadda ta fito. Ya sunkuyar da kai ya shige lungu. Har gobe ban ga laifina ba, abin da aka koya mini na yi, amma na ga bayan wuyansa lokacin da yake tafiya, kuma raina bai yi mini daɗi ba.

A gida kuwa kunyar ɗan fari ba ni kaɗai ta kama ba, har da mahaifiyarku. Saboda haka duk maganar da ta shafe shi ta kan Hajja take bi. Washegari da safe muna karyawa, shi yana gefe yana ɗaura littattafansa, mahaifiyarku ta dubi Hajja ta ce:

"Hajja, na ji wai za a jefa wani cikin ƙarti masu takalmin ƙarfe. Wanin nan kuwa ƙaurinsa bai kai muciyata kauri ba."

"Hajja," na ce, "ki gaya mata ba a yanke komai ba tukuna."

"Hajja, ki tambaye shi ko ya manta ɗan gidan Malam Adamu, da har yau yake jan ƙafa."

Hajja ta ajiye kofin shayinta.

"Kai, ku rabu da ni! Kun mai da ni tarho? Ga ku ga juna, ga yaron a zaune." Sai ta juya wurinsa, don ita tsakaninta da shi sai wasan jika da kaka, maigida take ce masa. "Maigida, zo nan. Ashe ka yi girman da ake zuwa nemanka har gida ban sani ba? Faɗa mini, kana son shiga cikin manyan ko ba ka so?"

Ya ɗaga kafaɗa, bai dubi kowa ba.

"Duk ɗaya ne, ya Hajja. Tun da ba ruwan kowa."

Ya ɗauki littattafansa ya fita.

Ba zan ɓoye muku ba, da farko ra'ayina ɗaya ne da na mahaifiyarku. Mu baƙi ne a ƙasar nan, ba gona ba gado, jikin mutum shi ne abin da zai ci da shi. Ɗan Malam Adamu da ta ambata na san shi tun yana rarrafe, yaro mai ƙarfi, wasa ɗaya da samari ya mai da shi mai ɗingishi, aikin tashar jirgin ruwan ma da aka yi masa alkawari ya wuce shi. Na ce a raina, mene ne a ciki in ya ƙara shekara ɗaya cikin tsararrakinsa? Ƙashi ya ƙara ƙwari, nama ya ɗan hau. Ƙwallo ba guduwa za ta yi ba. Sai dai wani abu yana damuna. Ban taɓa ganin wasansa ba, ko sau ɗaya, don uba ba ya zuwa ya tsaya yana kallon ɗan fari. Ga shi zan yanke hukunci a kan abin da ban gani da idona ba, ni da ko nama ba na saye sai na taɓa.

Ranar da ƙananan ke da wasa na ce wa Hajja gawayi ya ƙare, zan je nema. Ta dubi buhun gawayin da ke cike a bayan ƙofa, ta dube ni, ta ce Allah ya sa a samu. Na zagaya ta bayan gidaje na laɓe a jikin wata tankar ruwa da aka ajiye nesa kaɗan da filin, babban mutum da ni, da hula da komai. Daga nan nake hango su.

Kabtin bai yi ƙarya ba. Ƙwallo in ta zo ƙafar yayanku sai ta manne. Yana wuce yara ɗaya bayan ɗaya, wasu ma ba sa ƙoƙarin tare shi, kaucewa suke yi kawai. Ya ci ta farko, ya ci ta biyu, ya ƙara. Na ji ƙirjina ya cika, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma da na ƙara dubawa sai na ga ba ya murna. In ya ci sai ya juyo yana tafiya a hankali, hannu a ƙugu, kuma babu yaron da ke rugowa ya rungume shi. Can sai ya tura wa wani ƙaramin yaro ƙwallo, ɗan mai kantin Yamani na layinmu, yaron ya yi tuntuɓe ta wuce shi. Yayanku ya taka har inda yake, ya dangware masa kai, ya faɗa masa wata magana. Ban ji abin da ya ce ba, amma na ga yaron ya koma gefe yana share ido da rigarsa, sauran kuma ba wanda ya ce uffan. Tsoronsa suke ji. Ni da na zo da fargabar kada a karya mini ɗa, sai na tarar ɗan nawa ne ke taka 'ya'yan mutane.

Da wasan ya tashi ƙananan suka watse, shabab suka shigo motsa jiki. Shi bai tafi ba. Ya zauna a bakin fili ya zuba musu ido, ƙafafunsa suna motsi su kaɗai a cikin ƙasa. Ƙwallo ta fito waje ta nufo shi, ya miƙe ya tare ta, ya so ya yi irin abin da ya saba. Wani ƙato ya zo ya sa masa kafaɗa ɗaya, sai ga shi a ƙasa warwas, ƙwallo ta tafi. Na yi taku biyu daga bayan tankar ban sani ba. Sai na ga ya tashi yana kakkaɓe wando yana dariya, dariya ta gaske, irin wadda na daɗe ban ji a gidana ba. Na koma gida ba gawayi, Hajja kuma ba ta tambaya ba.

Da muka keɓe da mahaifiyarku na gaya mata duk abin da na gani. A tsakaninmu mu biyu muna iya maganarsa, ko da yake ba a kama suna.

"In ya karye fa?" ta ce.

"Zai iya karyewa."

"Ka san haka, kuma ka yarda?"

"Na sani. Amma in ya ƙara shekara a inda babu mai iya ce masa kul, ban san irin mutumin da za mu samu ba. Yana bukatar inda za a ture shi ya tashi, inda wani zai fi shi."

"Ka hana shi ƙwallon gaba ɗaya mana."

"Ba ki ga ƙafarsa a kan ƙwallon nan ba. Allah ne ya ba shi, ni ba zan ƙwace ba."

Ta ɗauki zanin goyo, ta ninke ta warware ta sake ninkewa.

"To ni ban yarda ba," ta ce, "amma ba zan hana ba. Sai dai ranar da aka kawo mini shi a riƙe, kada ka dube ni."

Na je na sami Kabtin Bakur a ƙofar gidansu, shi kaɗai. Da ya gan ni ya miƙe da mamaki. Na ce masa na amince, amma da sharaɗi. Kada ya sa yaron wasa tun daga farko har ƙarshe sai jikinsa ya saba, kuma in ya ga ya ɗaga wa wani murya ya zaunar da shi a gefe, ko da shi kaɗai ne mai iya cin ƙwallo a Jidda.

"Wallahi ya ammi, na ɗauka ba ka damu da shi ba," in ji Kabtin.

"Kuma kada ka gaya masa na zo."

"Leish? Don me? Zai yi farin ciki!"

"Haka muke yi."

Ya girgiza kai yana dariya.

"Ku mutanen da, sha'aninku sai ku."

Saura takalmi, don ba a shiga cikin shabab da ƙafa tsirara. A nan na gane ban san girman ƙafar ɗana ba, kuma ba ni da bakin tambaya. Da ya shiga wanka na ɗauki tsinken tsire na aza a kan silifas ɗinsa da ke ƙofa, na karya shi daidai tsawon sawun. Na sa tsinken a aljihu na hau mota zuwa Bagdadiyya, inda ake sayar da kayan wasa. Mai kantin ya tambaye ni lamba nawa, na zaro tsinke na ajiye masa a kan tebur. Ya yi dariya har ya kira maƙwabcinsa ya zo ya gani. Na bar su suka gama, sannan muka yi ta zura tsinken cikin takalma har muka sami wanda ya shige da ɗan sarari a gaba, don ƙafar yaro ba ta tsayawa. Kwalin na yar a hanya saboda kada a gan ni da shi a unguwa. Da na iso teburina na naɗe takalman cikin takardar da nake naɗe nama, na miƙa wa Hajja ta bayan ƙofa.

Ina waje ina hura wuta na ji ta tana kiransa.

"Maigida! Zo ka karɓi toshi. Tun da kai ka kasa kawo mini, ni na kawo maka. Na yarda ka shiga cikin manyan, amma in ka dawo mini ba haƙori na fasa auren."

Daga nan ne labarin da kuke bayarwa ya samo asali, kuma ban taɓa gyara shi ba, don a lokacin haka ya dace.

Hannun ya karye, wannan gaskiya ne. Ba a wasan farko ba, sai bayan wasu watanni, wani mai tsaron baya ya faɗo masa a kai. Kabtin da wani saurayi suka kawo shi a riƙe, fuskarsa ta yi fari fat. Mahaifiyarku ta cika alkawarinta. Na yi makonni ina cin tuwon da aka ajiye mini ba tare da an ce mini ga shi ba, kuma ban ce ta yi laifi ba. Ni kaina kwanakin nan abinci ba ya wuce mini, in na ji yana nishi sai in fita waje. Na tambayi kaina ko na yi daidai, ba sau ɗaya ba. Amma hannu ya ɗoru, ya koma fili, ya yi shekaru yana wasa, kuma kun san irin mutumin da ya zama. Ɗan mai kantin Yamanin nan da ya dangware wa kai, shi ne ya riƙa ɗauko masa jakar makaranta duk kwanakin da hannun ke rataye, don kafin nan yayanku ya je da ƙafarsa ya ba shi haƙuri ba wanda ya aike shi.

Ranar da nake so ku sani dai ita ce ta wasansa na farko da manya. Juma'a ce, suka kara da samarin wata unguwa daga arewacin gari. Ban je ba, tankar ruwan ma an ɗauke ta. Ina bakin teburina, amma hankalina yana can, har na ƙona wa wani direba nama na sake gasa masa wani. Hajja ta fito da kujerarta ta zauna a ƙofar gida, wai iska take sha. Mahaifiyarku kuwa ta share tsakar gida, ta sake sharewa.

Gab da magariba sai ga shi ya shigo lungu, takalman rataye a wuyansa. Leɓensa ya fashe, gwiwa ta goge, rigar ba ta ganuwa don ƙasa. Amma na ga yana taka ƙafafunsa biyu lafiya. Ya zube a gaban Hajja.

"Maigida, wa ya yi maka wannan aika-aika? An ci?"

"An cinye mu, ya Hajja!" Yana faɗa yana dariya, yana riƙe leɓe. "Sai a ƙarshe Kabtin ya sa ni. Akwai wani a bayansu, wallahi kamar ƙofar gidan nan. Na zo zan wuce shi, ban san sanda na ga sama ba. Na sake zuwa ya sake kayar da ni. Kuma babbanmu ya zage ni tas, wai in na ƙara riƙe ƙwallo ni kaɗai zai cire ni da kansa. Na uku na ba wani, ya buga, saura kaɗan ta shiga. Saura kaɗan, ya Hajja!"

Ya yi ta zuba, Hausa na ƙarewa ya kama Larabci, Larabci na ƙarewa ya dawo. Na hango inuwar mahaifiyarku a bayan labulen ƙofa, tsintsiya a hannu, ba ta motsi. Ni kuma na ba su baya ina jera tsinkaye, ina jin kowace kalma. Da ya gama ya miƙe zai shiga gida, sai ya tsaya. Ya sauke takalman daga wuyansa yana juya su a hannu, ya ɗaga murya kaɗan fiye da yadda Hajja ke bukata.

"Hajja, ki gaya wa mai tsire takalmin ya yi mini daidai. Sai dai har yanzu yana ƙanshin yaji."

Hajja ta juyo ta dube ni.

"To, mai tsire, ka ji saƙo."

Na ji. A duk shekarun da na yi a bakin wutar nan ban taɓa jin daɗi irin na wannan yammacin ba, har na rasa inda zan sa idona. Na zaɓi tsinkaye mafi taushi, na kakkaɓe yajin saboda leɓen, na naɗe na miƙa wa Hajja ban juyo ba.

"Ki ce masa ya wanke bakin da ruwan ɗumi kafin ya ci," na ce. "Kuma ki ce masa gobe akwai motsa jiki, kada ya makara."